Hattara da Wasiƙun Ƙugiya: Yadda Za Mu Gane Damfara ta Imel, Mu Kauce Mata

A wannan fitowa mun ɗan ajiye labarin rabon abinci da gyaran rijiyoyi, domin mu yi magana a kan wani abu da ya kusa cinye mana kuɗin aikin damina guda.

Ana gab da faɗuwar damina, muna shirin sayen taki da iri domin iyalan da rikici ya raba da gidajensu, sai ma'ajinmu ya buɗe akwatin imel ɗinsa da safe ya tarar da wasiƙa ɗauke da sunan shugaban hukumarmu. Wasiƙar ta ce shugaba yana cikin taro a Abuja, ba zai iya ɗaukar waya ba, kuma dilan da muke sayen taki a wurinsa ya sauya asusun banki. Ta ce a tura kuɗin cikin sabon asusun kafin ƙarfe goma sha biyu, in ba haka ba farashi zai tashi. Sunan dilan daidai ne, har gaisuwar da shugaba ya saba buɗe wasiƙa da ita tana nan.

Ma'aji ya cike takarda, ya kai wa mai sa hannu ta biyu, wata dattijuwa daga zumuntar mata. Ta karanta, ta ajiye biro ta ce, "Ɗana, taro ba ya hana mutum fita waje na minti ɗaya. Kira mini Baba in ji daga bakinsa." Aka kira lambar da muka daɗe da sani. Ashe shugaba yana gida, bai je Abuja ba, bai kuma rubuta wa kowa wasiƙa ba. Da muka sake duba adireshin da aka aiko wasiƙar daga gare shi, sai muka ga harafi ɗaya tak ya bambanta shi da na gaskiya. Allah ya tsare. Amma tun da abin ya zo har ƙofarmu, mun san zai zo ƙofar ikilisiyoyi da ƙungiyoyin da muke aiki tare, shi ya sa muka ga ya wajaba mu yi wannan bayani.

Mene ne wasiƙar ƙugiya?

Turawa sun ba wannan damfara suna daga kamun kifi, tun tsakiyar shekarun 1990. Masunci yakan sa tana a bakin ƙugiya ya jefa a ruwa ya zauna yana jira. Kifi tana yake gani, ba ya ganin ƙarfen da ke ciki. Haka ɗan damfara yakan rubuta wasiƙa da sunan wanda kuka yarda da shi, kamar banki, ko fasto, ko hukumar gwamnati, ko masu ba da tallafi, ya aika wa mutane da yawa ya jira wanda zai haɗiya. Mu a ofis wasiƙar ƙugiya muke kiranta.

Ta ɗan bambanta da wasiƙun 419 da muka sani a da. Wannan lamba ta samo asali ne daga sashe na 419 na kundin dokar laifuffuka, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Waɗancan wasiƙu baƙo ne yake zuwa da labarin gadon miliyoyi, ya ce ku biya kaɗan ku sami rabo. Ita wasiƙar ƙugiya da fuskar na gida take zuwa. Abin da take nema bai wuce uku ba: ku rubuta kalmar sirrinku ko lambobin katinku a wani shafi na jabu, ko ku buɗe wata takarda da za ta sa wa na'urarku cuta, ko ku tura kuɗi da hannunku zuwa asusun ɓarawo. Yanzu ba a imel kaɗai take tsayawa ba, tana zuwa ta saƙon tes, da WhatsApp, da Facebook. Dabarar ɗaya ce.

Me ya sa ake farautar coci da masu aikin agaji?

Wani zai ce, mu da ba mu da komai, me ɓarawo zai samu? Akwai abubuwa uku a hannunmu. Na farko, amana: mun saba yarda da juna, idan fasto ya ce a yi, ba a cika tambaya ba. Na biyu, aikinmu na gaggawa ne, kuma mun saba aika kuɗi ga mutanen da ba mu taɓa gani ido da ido ba. Na uku, muna riƙe da jerin sunayen mabukata, da lambobin wayarsu, da inda suke kwana. Idan wannan jeri ya faɗa mugun hannu, gwauruwar da ke jiran buhun masara ita za a kira a ce ta biya "kuɗin rajista". Ga wanda ya gudo daga rikici kuwa, tonuwar inda yake zaune na iya zama batun rai.

Ba ƙanana kaɗai abin ke kamawa ba. A 2017 masu kutse sun shiga imel ɗin wani ma'aikacin ƙungiyar Save the Children a Amurka, suka ƙirƙiro takardun biyan kuɗi na ƙarya da sunan sayen farantan wutar sola domin asibitoci a Pakistan. Aka tura kusan dala miliyan 1 zuwa wani asusu a Japan. Inshora ce ta mayar da mafi yawan kuɗin. A 2019 Cocin Katolika na St. Ambrose da ke Brunswick a jihar Ohio ya yi asarar dala miliyan 1.75 na gyaran gininsa. Ɓarayi sun shiga imel na ma'aikata biyu, suka sa aka gaskata cewa ɗan kwangila ya sauya banki. Coci bai farga ba sai da ɗan kwangilar ya kira yana tambayar kuɗinsa na wata biyu. A watan Mayu na 2021 kuma, kamfanin Microsoft ya bayyana cewa an yi amfani da asusun aika saƙonni na hukumar agaji ta USAID aka tura wasiƙun ƙugiya zuwa akwatuna kusan 3,000 a ƙungiyoyi sama da 150, da dama daga cikinsu masu aikin agaji da raya ƙasa. Hukumar FBI ta ce a 2023 kaɗai, ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa a kan damfarar da ake yi da sunan shugaba ko abokin ciniki ta imel sun kai asarar kimanin dala biliyan 2.9. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Irin waɗanda suka fi zuwa mana

Ta banki. Takan ce za a rufe asusunku yau idan ba ku sabunta BVN ko NIN ba, ga wurin da za ku danna. Shafin da zai buɗe yana da launi da tambarin bankinku, amma duk abin da kuka rubuta a ciki hannun ɓarawo yake zuwa.

Ta fasto ko shugaba. Takan fara da gajeriyar tambaya, "Kana kusa? Ina bukatar taimako cikin sirri." Idan kuka amsa, sai a ce wani ɗan'uwa yana kwance a asibiti, a tura kuɗi ko katin waya, za a mayar bayan sujada. Wannan salo ya yi yawa a Amurka har hukumar kare masu sayayya ta ƙasar ta yi wa masu ibada gargaɗi a kansa a 2019.

Ta tallafi. Takan ce an zaɓi ikilisiyarku ko ƙungiyarku domin samun tallafi daga ƙasar waje, sai dai ku biya kuɗin fom ko na lauya, ko ku aiko da jerin mabukatanku. Masu ba da tallafi na gaskiya ba sa neman a biya su kafin su bayar. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ta sauya asusu. Ita ce wadda ta zo mana, kuma ita ta fi cin kuɗi masu yawa.

Ta akwatin imel. Takan ce akwatinku ya cika, ko wani ya aiko muku da takarda, ku shiga da kalmar sirri domin ku gani. Da sun sami kalmar, sai su zauna shiru cikin akwatinku na makonni suna karanta wasiƙunku, suna koyon yadda kuke magana da wanda kuke biya, har ranar da za su yi amfani da sunanku su cuci wasu.

Ta neman gudummawa bayan bala'i. Duk lokacin da aka yi ambaliya ko hari, sai wasiƙu masu hotunan ban tausayi su cika gari. An ga haka bayan ambaliyar teku ta Asiya a 2004, da guguwar Katrina a 2005, da girgizar ƙasar Haiti a 2010. Ku bayar, amma ta hannun da kuka sani.

Alamomin da za ku duba

1. Gaggawa da tsoratarwa. "Kafin awa 24", "yanzu-yanzu", "gargaɗi na ƙarshe". Ɓarawo ba ya son ku sami lokacin tunani ko shawara. Sauri ya haifi nawa.

2. Neman a ɓoye. Idan wasiƙa ta ce kada ku faɗa wa kowa, ko kada ku kira waya, wannan kaɗai ya isa dalilin kira.

3. Neman lambobin sirri. Babu bankin da zai tambaye ku lambar sirrin katinku, ko lambobi uku na bayan kati, ko lambar nan da ake turo muku ta tes lokacin biyan kuɗi. Haka nan lambobi 6 da WhatsApp ke turowa: duk wanda kuka ba, kun ba shi asusunku, ko da ya ce na shiga taron addu'a ne ta intanet.

4. Adireshin mai aikowa. Sunan da ke fitowa a sama kowa na iya rubuta wanda ya ga dama. Ku taɓa sunan domin cikakken adireshin ya bayyana, ku karanta shi harafi da harafi. Sukan sa lamba 0 a madadin harafin o, ko lamba 1 a madadin l, ko su haɗa r da n su yi kama da m. Banki ko ma'aikata ba sa rubuto wasiƙar aiki daga Gmail ko Yahoo. Idan kuka danna wurin ba da amsa, ku lura ko adireshin da amsar za ta je ya sauya.

5. Takardar da ba ku nema ba. Rasit na kayan da ba ku saya ba, ko takardar da ta ce sai kun ba ta izini kafin ta buɗe, ko wadda sunanta ya ƙare da .exe ko .zip ko .html, kada ku buɗe.

6. Abin da ya saɓa wa al'ada. Idan shekara biyar kuna biyan mutum ta asusu ɗaya, yau kwatsam aka ce ya sauya, ku tsaya. Ruwa ba ya tsami banza.

A da mukan ce a duba kurakuran Turanci. Wannan alama ta yi rauni. Tun daga 2022 manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun yaɗu, suna rubuta wasiƙa mai tsabta, har da Hausa. Kyawun rubutu ba shaida ba ne. Haka kuma hoton ɗan kwado da ke fitowa kusa da adireshin shafi: abin da yake nufi shi ne hanyar da ke tsakaninku da shafin a rufe take, bai ce mai shafin mutumin kirki ne ba. Shafukan ɓarayi ma suna da shi.

Yadda ake karanta mahaɗi

Mahaɗi shi ne rubutun nan, galibi mai launin shuɗi, da ake dannawa ya kai mutum wani shafi. Abin da aka rubuta a fuskarsa daban, inda zai kai ku daban. A kwamfuta, ku ɗora kibiyar linzami a kansa ba tare da dannawa ba, ainihin adireshin zai fito a ƙasa. A waya, ku ɗora yatsa ku riƙe na ɗan lokaci, zai bayyana.

Idan ya bayyana, ku tsallake https:// ku bi rubutun har zuwa karkatacciyar sanda ta farko. Sunan da ke daf da sandar shi ne mai gida, duk abin da ya gabace shi ado ne. Misali, a bankinku.com.tabbatar-da-asusu.net/shiga mai gida shi ne tabbatar-da-asusu.net, sunan bankin an liƙa shi ne kawai a gaba domin ido ya ruɗe. Galibin shafukan hukumomin gwamnatin Nijeriya da .gov.ng suke ƙarewa. Wanda wannan karatu ya yi masa wuya, ga hanya mafi sauƙi: kada ku shiga banki ko imel ta mahaɗin da aka aiko muku. Ku rufe wasiƙar, ku buɗe manhajar bankin da kanku, ko ku taka zuwa reshe. Idan da gaske akwai matsala, a can za ku same ta.

Darasi daga gidan Ishaku

Mun tuna da labarin da ke cikin Farawa sura 27. Ishaku ya tsufa, idanunsa sun dushe. Yakubu ya zo masa sanye da tufafin Isuwa, da fatar 'yan awaki a hannuwa da wuya. Abin lura shi ne Ishaku ya yi shakka. Ya yi mamakin saurin da aka samo naman, kunnensa kuma ya faɗa masa muryar ba ta Isuwa ba ce. Amma ya shafa hannu, ya ji ƙanshin riga, ya bar abin da aka shirya domin ruɗinsa ya rinjayi shakkarsa. Duk gwajin da ya yi, a kan wanda ke gabansa ya yi shi. Da ya jira kaɗan, da Isuwa ya dawo daga farauta gaskiya ta fito.

A gaban imel dukanmu kamar Ishaku muke, ba ma ganin fuskar mai magana. Tambari da suna da gaisuwa su ne fatar akuya. Saboda haka idan zuciya ta yi ɗar, kada ku tambayi wasiƙar ko ita ta gaskiya ce, kada kuma ku kira lambar da ke cikinta. Ku bi ta wata hanya daban: lambar da kuke da ita tun da, ko ku je ku ga mutumin. Saƙon murya da aka turo ma bai isa ba, domin yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum da na'ura. Ku ne za ku kira.

Dokokin da muka kafa, muke kuma shawartar kowace ikilisiya

Ba a fitar da kuɗi sai da hannun mutum biyu, kuma na biyun ya karanta kafin ya sa hannu. Ba a karɓar sauyin asusun banki ta imel ko tes sai an tabbatar ta waya. Kowane ma'aikaci da akwatinsa da kalmar sirrinsa, a daina manna ta a jikin bango ko ba wa kowa a ofis. Kalmar ta zama doguwa, kada ta zama sunan coci ko ranar haihuwa, kada kuma a yi amfani da guda ɗaya a imel da Facebook da banki. A kunna tabbaci mai mataki biyu a imel da WhatsApp, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara da wata lamba, ta yadda ko an sace kalmar ƙofa ba za ta buɗu da sauƙi ba. Jerin mabukata ba ya fita sai da izinin shugaba. Wanda ya buɗe imel ɗinsa a shagon buga takardu ko a wayar wani, ya tabbata ya fita kafin ya tashi. Idan waya ko kwamfuta ta nemi a sabunta ta, a sabunta.

Muna roƙon fastoci da dattawa su faɗa da bakinsu a gaban jama'a cewa ba za su ji haushi ba idan aka kira su domin tabbatarwa. Yaranmu da yawa kunya ce ke hana su tambayar babba, ɓarawo kuwa da wannan kunya yake cin abinci. Matambayi ba ya ɓata.

Idan an riga an haɗiyi ƙugiya

Kada ku ɓoye, kada ku jira gobe. Idan kun ba da lambobin kati ko kun tura kuɗi, ku kira banki nan take a toshe katin da asusun, ku nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin ya shiga. Yawancin bankuna suna da gajeriyar lamba ta toshe asusu wadda ake iya dannawa ko a wayar wani. Ku nemi ta bankinku yau ku rubuta a takarda. Awoyin farko su ne masu muhimmanci, domin ɓarayi ba sa barin kuɗi su kwana wuri ɗaya.

Idan kalmar sirri kuka bayar, ku sauya ta, ku sauya ta duk inda kuka yi amfani da irinta, ku fitar da duk na'urorin da ba ku sani ba daga asusun. Ku sa wanda ya iya ya duba ko an saita akwatin yana tura kwafin wasiƙunku wani wuri. Ku sanar da abokan hulɗarku kada su amsa roƙon kuɗi da sunanku. Idan takarda kuka buɗe, ku cire na'urar daga intanet har mai gyara ya duba ta.

Kada ku goge wasiƙar, shaida ce. Ku kai ƙara wurin 'yan sanda ko hukumar EFCC, wadda aka kafa a 2003. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta ambaci wannan laifi, ta tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1, ko duka biyu. Sannan ku yi hattara da wanda zai biyo baya ya ce zai kwato muku kuɗinku idan kun biya shi wani abu. Sau da yawa ƙugiya ta biyu ce.

Ga sauran 'yan'uwa kuma, wanda aka damfara ba abin dariya ba ne. Malamai da akantoci da manyan kamfanoni sun faɗa. Idan muka kunyata mutum ɗaya, goma za su yi shiru, ɓarawo ya ci gaba da yawo a cikinmu. Ku riƙe shi, ku raka shi banki, ku yi addu'a tare da shi.

Alkawarinmu gare ku

Hukumarmu ba ta karɓar ko kwabo domin sa sunan mutum cikin jerin masu samun taimako. Ba za mu taɓa tambayarku lambar sirri ta imel ko tes ko waya ba. Duk sanarwar rabo ta hannun faston ikilisiyarku da kwamitin unguwa take zuwa. Wanda ya ga saƙo da sunanmu ya yi shakka, ya kawo wayarsa ofis mu duba tare, ba za mu gaji ba.

Muna roƙo a karanta wannan shafi a taron zumuntar mata, da na maza, da na matasa. Matasa su zauna da iyayensu su nuna musu yadda ake duba adireshi. Kuɗin da ke ratsawa ta hannunmu gumin masu bayarwa ne, kuma abincin marayu da gwauraye ne, za mu ba da lissafinsa.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare aikin hannuwanmu, ya kuma juyo da zukatan masu wannan sana'a zuwa tuba. Amin.